Wa Ke Buɗe Motar Marigayi?

Maganar da ke yawo a layinmu ita ce wai mijina yana dawowa ya zauna a motarsa. Mijin da muka binne bara waccan, wai shi ne ke zuwa kafin gari ya gama wayewa, ya buɗe ƙofar direba, ya ja kujera baya yadda ya saba saboda tsawon ƙafafunsa, ya sauke gilashi, ya zauna yana kallon ƙofar gidana. Dalili kuwa, in ji masana harkar matattu na layin, kishi ne. Ya samu labarin wani yana min zarya.

Masu karatu, waɗanda suke bina tun farko sun san ni. Saboda sababbin shiga kuwa: shekaruna sun haura sittin, na koyar da kimiyya har na riƙe makarantar 'yan mata kafin in ajiye aiki, ina zaune ni kaɗai a gidan da muka gina da Marigayi, kuma e, akwai mai nemana da aure. Baiwar Allahn da ta rubuto a ƙasan kashin da ya wuce cewa in ji kunya in riƙe carbi, na gode. Carbin yana hannun dama, da hagu nake miki wannan rubutun.

Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyata ta jikin katanga, ita ta kawo min labarin har kicin, da sunan ta zo aron rariya.

"Ni dai ban ce na gani da idona ba," ta ce, tana waige-waige kamar yana bayan firij. "Amma mai kawo burodi ya rantse ya ga fitilun suna ƙiftawa, ba kowa a ciki. Sai kujera ta tafi baya, suuu, ita kaɗai."

"To me ya hana shi shigowa? Ai ya san inda nake ajiye kofinsa."

"Ke komai wasa! Mutum yana kishinki daga kabari kina dariya?"

"Maman 'Yan Biyu, mutumin da yana raye sai na yi da gaske yake tashi da safe, shi ne yanzu zai koyi sammako?"

Ta ɗauki rariya ta fita tana salati. Na yi dariyata, amma ba ta kai ciki ba, domin rabin maganarta gaskiya ce. Motar tana buɗewa.

Tana kwana ne a ƙarƙashin rumfar kwano a waje, jikin katangar gidan, tun da na mayar da tsakar gida lambu. Babbar mota ce, baƙa, irin wadda kujerunta ke tafiya da lantarki, Marigayi ya saye ta da kuɗin sallamarsa ya riƙa goge ta kamar jaririya. Kullum da yamma in kulle ta. Wasu safiyoyin in same ta yadda na bar ta. Wasu kuwa ƙofofi a buɗe, gilashin direba a ƙasa, raɓa ta jiƙa sitiyari, kujera ta yi nisa har ƙafata ba ta kai burki. Ba a taɓa ɗaukar ko tsinke ba. Har ma akwai ranar da na bar jakar hannuna a ciki, na same ta yadda take.

Wanda ya fi riskar abin shi ne Mai Tattaki. Haka yaran layi suke kiransa, saboda duk safiya sai ya zaga unguwa da ƙafa. Mai harhaɗa magunguna ne da ya yi ritaya, matarsa ta rasu da daɗewa. Farin takalmin motsa jiki, riga da wando ruwan toka a kan ɗan tumbinsa, hular ulu ko da zafi, da sandar hannu mai kan azurfa wadda ba ya dogara da ita, kawai yana son ƙarar da take yi. Shi ne mai zaryar da ake magana. Zai danna ƙararrawa a hankali, in fito, ya ɗan sunkuyar da kai.

"Ranki ya daɗe, an sake."

"An sake me, Malam?"

"Motar. Amma kada ki sa a ranki. Ni da kike gani na taɓa neman tabarauna gida duka, ashe yana cikin firij kusa da madara."

Sai ya yi dariya, ni ma in yi. Daga nan ya dubi ƙasa ya ce, "Da dai akwai mutum a gidan nan mai zagayawa da yamma ya duba ƙofofi, ai da ba a yi haka ba."

Zan faɗa muku gaskiya, tunda don ita na fara wannan rubutu. Ina jin daɗin mutumin nan. Yana saurare idan ana magana, abin da maza da yawa suke mutuwa ba su koya ba. Yana kawo min jarida ya naɗe ta daidai shafin da ya san zan yi musu a kai. Saboda shi na koma sa turare da safe. Akwai ranar da na canza mayafi har na tara su a kan gado kamar mai shirin buɗe shago, don kawai zan fita in karɓi jarida. Na riga na yanke a raina cewa ƙarshen makon nan zan ba shi amsar da yake jira.

Amma labarin fatalwa na 'yan layi ne. A cikin dangina wata maganar ake yi, kuma ita ce mai ciwo.

Babbar 'yata nas ce a babban asibiti. Ƙannenta suna kiranta Yaya, ni ma na bi sahu. Ta zo min da yamma daga wurin aiki, ko farin kayanta ba ta cire ba, agogo maƙale a ƙirji. Ta zauna a kujerar ubanta, ta ajiye jaka a cinya, ta yi min irin muryar da take yi wa marasa lafiya.

"Mama, yau wace rana ce?"

"Ranar da kika zo gidan uwarki ba ki kawo mata ko lemo ba."

"Mama, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Tambayi wani abu mai wuya."

Ta sauke numfashi. "Kina barin mota a buɗe. Kina matsar da kujera ki manta. Yau mota ce, gobe gas ne. Ni ba na iya barci. Biyu ne, Mama: ko ki amsa wa Baba Mai Tattaki a samu mutum a gidan nan, ko ki tattara ki dawo wurina. Ko wanne kika zaɓa, makullin motar zan karɓa. Na kuma karɓar miki ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa."

"Da izinin wa?"

"Da izinin ni 'yarki ce."

Bayan ta tafi saƙonni suka fara shigowa a zauren waya na iyali. Autana, da ke karatu a waje, ya turo murya: "Mama don Allah ki ji maganar Yaya, ita ta san aikin nan." Ƙanwata ta turo hoton wata tsohuwa da ta ɓace a wani gari, ba ta ƙara ko kalma ba. Yaya ta rubuta: "Mun gode da fahimta, duk don lafiyarta ne," ta bi shi da zuciya ja.

Na zauna a bakin gado da wayar a hannu, tsoro ya kama ni. Domin akwai abin da su yaran ba su gani ba, ni na gani. Goggona, yayar mahaifina, mace mai kaifin baki da lissafi, na ga yadda ta ƙare tana ajiye takalmi a tukunya, tana tambayar 'ya'yanta ko su baƙi ne. Ita ma da musu ta fara. Duk wanda ƙwaƙwalwa ta fara gudu ta bar shi, rantsuwa yake yi lafiyarsa ƙalau. To ni da me zan bambanta rantsuwata da tata?

Da gwaji. Abin da na yi shekaru ina dasa wa 'yan mata a kai ke nan: kada ki yarda don babba ya faɗa, kada ki ƙi don ba ya miki daɗi, ki auna.

Na fara da kaina. Da yamma na kunna bidiyon waya, na ɗauki hannuna yana danna rimot, fitilu suka ƙifta, na bi ƙofofi ina jan kowace a gaban kyamara, na faɗi ranar da bakina. Na shiga gida na jefa makullin a gwangwanin biskit na ƙarfe na rufe, don ƙarfe yana tare siginar, ko da zan danne shi cikin barci ba zai kai ba. Na ɗaure gwangwanin da zare, na yi ƙullin da ni kaɗai na san yadda na yi shi. Safiyar farko shiru. Ta biyu shiru. Wata safiya sai ga ƙararrawa.

"Ranki ya daɗe, an sake."

Na koma ɗaki da sauri. Gwangwani a rufe, ƙulli yadda na bar shi. Na kalli bidiyon jiya har ya ishe ni. Na kulle motar. Ba ni ba ce.

Za ku yi tunanin zan ji sanyi a raina. Na ji, na ɗan lokaci. Sai wani tsoron ya maye gurbinsa, wanda ya fi na farko nauyi. Idan ba ni ba ce, to wane ne?

Saura gwajin Marigayi. Na ɗauko guntun alli, don tsohuwar malama ba ta rasa alli a gida, na durƙusa na ja layi a kan ƙarfen da kujera ke gudu a kai, daidai inda na same ta da safen nan. Na shiga ɗakinsa, wanda har yanzu yake ƙamshin man gashinsa, na buɗe durowar gefen gado na ɗauko nasa makullin. Batirin ya mutu, na ɓare shi da bakin cokali na sa sabo. Na mayar da kujera wurina, na kulle, na tsaya nesa na danna nasa.

Masu karatu, sai da gashin jikina ya tashi. Fitilu suka ƙifta, kujera ta tafi baya ita kaɗai, suuu, yadda mai burodi ya faɗa. Madubai suka juya. Kamar yanzu zai fito da jarida a hammata ya ce in yi sauri. Sai na je na duba allina.

Kujerar ta wuce layin. Ta tafi har ƙarshen ƙarfen, inda dogon mutum ke zama. Wurin da nake samunta da safe bai kai nan ba, da tazarar tafin hannu, kuma can jinginar tana kwanciya baya kamar ta mai tumbi. Marigayi kuwa a miƙe yake tuƙi kamar soja. Sai dai idan mutum yana gajarcewa a kabari, ya kuma yi teɓa.

Na ɗauko littafin motar daga aljihun gaba, na zauna da gilashin ƙara girman rubutu. A nan na ga abin da ban taɓa sani ba duk zamana da motar: kowane rimot yana riƙe da zaman mai shi. Ka buɗe da naka, kujera ta tafi wurinka. Ka riƙe maɓallin buɗewa ka daɗe, gilashi ya sauka. Sannan motar tana iya karɓar makullai fiye da biyu, kuma ana shigar mata da sabo ne ta wani soket da ake jona kwamfutar gwaji, wanda littafin ya ce yana "ƙasan sitiyari". Bayanin ke nan. Wanda ya rubuta bai taɓa ciwon gwiwa ba.

Na shimfiɗa tsohon tawul a ƙasa, na durƙusa a bakin ƙofar direba, na kunna fitilar waya na cusa kai. Wayoyi, ƙura, wata alewa da jikana ya jefar tun yana rarrafe. Na buɗe wani murfi a dama, ashe gidan fis ne. Na laluba bayan wurin ajiye tsaba, ba komai. Wuyana ya ƙage. Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta kan katanga ta ga ƙafafuna a waje, rabin jikina a ciki.

"Innalillahi! Ya ja ki ne?"

"Ɗan kunnena nake nema!"

Sai da na kwanta rigingine, kaina a kan tabarmar ƙafa, sannan na gan shi. Can hagu, sama da burki, kusa da abin da ake ja a buɗe bonet. Ɗan soket baƙi, faɗinsa kamar yatsu biyu, sama ya fi ƙasa faɗi, da ƙananan ramuka jeri biyu. Duk abin da ke kewaye da shi ya yi furfura da ƙura. Shi kaɗai ne fes. Murfinsa na roba yana reto da ƙafa ɗaya, an ɓalle ɗayar, ga sabon karce fari a gefe inda aka sa bakin sukundireba.

Na daɗe a kwance a wurin ina kallonsa. Wani ya kwanta daidai inda nake kwance.

Washegari da hantsi na sa doguwar rigata ruwan ƙasa da takalmi mara tsini, na zuba makullan biyu a jaka, ban gaya wa kowa ba. Bayan kasuwar kayan gyaran mota akwai wani lungu da masu makulli suka jeru. Na zaɓi shagon da na ga mai shi ya manyanta, yana da furfura a gemu da tabarau a kan goshi. Bangon shagon cike da makullai marasa haƙora suna lilo, ga wata na'ura mai allo kamar faranti a rataye a wuyansa.

"Hajiya, ɓata ya yi ko karyewa?"

"Ko ɗaya. So nake ka tambayar min motar nan makulli nawa ta sani."

Ya sauko da tabarau ya dube ni da kyau. "Yawanci sai an sace ake zuwa da wannan tambayar."

"Ni na fi son in riga su."

Ya durƙusa zai fara lalube, na ce masa hagu, sama da burki. Ya jona wayarsa a soket ɗin, ya ce in murɗa makulli fitilun gaba su kawo amma kada in tayar. Allon ya yi ta juya wani ɗan zobe. Ina tsaye ina kallonsa, ga hayaniyar masu buga ƙarfe, ga rana.

"Nawa ne a hannunki?"

"Biyu. Nawa da na mai gidana, Allah ya jiƙansa."

"Amin." Ya juyo min da allon. "Ita ta ce uku."

Ko da na zo da zargin, ganin lambar a rubuce daban ne. Na nemi benci na zauna.

"Za ta faɗi ranar da aka ƙara?"

"Wannan ba ta faɗa. Amma zan gaya miki abin da na sani. Irin motar nan ba a yi mata makulli daga nesa. Sai an kawo ta, da makullinta na asali a ciki, a yi zaman shan shayi ana aiki. Wa kika taɓa ba wa?"

Na ce ba kowa. Sai na tuna. Watannin baya an cire min yanar ido, na yi kwanaki a kwance da bandeji, ba na ganin ko hannuna. Yaya ce ta riƙe gidan da makullai, ta ce ma ta sa an kai motar an canza tayoyi. Na ce masa, "Masu taya ne. An kai ta wajen masu taya."

Ya ɗaga kafaɗa. "Zai yiwu. An taɓa ɗaukar wani abu a ciki?"

"Ko tsinke. Buɗewa kawai ake yi a tafi."

Ya murza gemu. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauka.

"Hajiya, ɓarawon da ke da makulli ba ya buɗe mota ya tafi ya bar ta. Wannan ba motar yake so ba."

Na ce, "Za a iya kashe na ukun?"

"Sai dai a goge duka, ta manta kowa, sannan a sake gabatar mata da waɗanda ke nan. Duk wanda ba ya cikin motar nan yanzu, ya zama abin wasan yara. 'Yar fitilarsa za ta kawo, amma motar ba ta san shi ba."

"Goge."

Ya danna. Allon ya tambaye shi ko ya tabbata, ya dube ni, na gyaɗa kai. Na ɗan lokaci motar mijina ba ta san kowa ba a duniya, har ni. Ya sa nawa a ciki ya murɗa, ya ce in danna maɓallin kullewa in riƙe. Ƙofofi suka yi ƙarar kullewa suka sake buɗewa da kansu, fitilu suka ƙifta. Ya zare, ya sa na Marigayi, muka maimaita. Ya kashe, ya cire wayarsa, ya sake jonawa don in gani da idona. Biyu.

"Ki canza mata wurin kwana," ya ce yana naɗe waya. "Kuma ki gaya wa 'ya'yanki."

Da yamma na buɗe waya zan gaya wa Yaya. Na rubuta, na goge. Na san amsar: Mama, yanzu kuma masu taya ne suke binki? Ta ƙara shi a cikin abin da za ta faɗa wa likita. A'a. Wanda ya yi shekaru yana kama masu satar amsa ya san ba a kai ƙara da zargi, sai da takardar a hannu. Ina cikin haka saƙonta ya shigo: "Mama gobe ne ganin likita. Zan zo da hantsi in ɗauke ki. Ki ajiye min makullin a kan tebur." Bai daɗe ba na Mai Tattaki ya biyo: "Allah ya tashe mu lafiya, ranki ya daɗe. Kada a manta a kulle mota." Da hoton fure.

Na san abin da kuke tunani. Ni ma ya zo min, tun ina kwance a ƙarƙashin sitiyari. Na kore shi kamar ƙuda. Na ce mutumin bai taɓa riƙe makullina ba, bai taɓa shiga motar ba sai a kujerar gefe. Na ce ai mai tumbi ba shi kaɗai ba ne a gari. Na ce abubuwa da yawa.

Da na idar da sallar asuba na yafa baƙin mayafi, na ɗauki makullan biyu da waya, na fita a hankali na ja ƙofar gida. Gilasan baya na motar masu duhu ne, na ciki yana ganin waje, na waje sai fuskarsa. Na shiga baya na kulle, na lafe a kusurwa.

Gari yana ta yin fari. Mai burodi ya wuce a kan keke, ya karkata can ɗaya gefen titi da ya zo daidai motar, bakinsa yana motsi. Wani kare ya shinshina taya ya tafi. Ƙafata ta fara sanyi, na fara jin kunyar kaina: tsohuwa da jikoki, a ɓoye a bayan mota kamar ɓarauniya. Na ce bari in ƙara kaɗan in koma ciki in dafa shayi.

Sai na ji ƙarar. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Kan sanda a kan kwalta.

Na ce a raina, wucewa zai yi, ai hanyarsa ce. Farin takalmi ya bayyana, da hular ulu. Bai wuce ba. Ya tsaya a gindin bishiyar da ke gaban gidan Maman 'Yan Biyu, ya dubi tagar ɗakina, ya dubi titi sama da ƙasa. Ya sa hannu a aljihun riga, ya tsaya yana kallon motar kamar mai jiran a amsa masa sallama.

Shiru.

Ya fito da hannun. Ɗan abu baƙi, sabo, ba ko maɗauri. Ya miƙo shi ya danna, na ga 'yar jar fitila ta kawo a tsakanin yatsunsa. Ya matso. Ya danna. Ya buga shi a tafin hannu, ya ɗora a ƙarƙashin haɓa yadda wasu ke yi don ya ƙara nisa, ya danna. Ya zo har jikin ƙofar direba ya ja hannunta. Motar ta ɗan girgiza da ni a ciki. Ya kare fuskarsa da tafuka biyu ya manna a gilashin gaba yana leƙen kujera, numfashinsa yana yin hazo a jiki. Da ya juyo da ido kaɗan hagu, da mun haɗa ido. Na danne bakina da mayafi. Fuskar da nake sa wa turare ce, amma ban taɓa ganinta ba murmushi ba sai yau.

Ya miƙe, ya jingina da ƙofar da nake bayanta, ya ciro waya. Kunnensa ya fara nauyi, don haka a lasifika ya sa ta, ya riƙe a gaban baki. Ta yi ƙara sau ɗaya aka ɗauka.

"Ya ƙi," ya ce.

"Me ya ƙi, Baba?"

Muryar ta ratso gilashi ta same ni. Ni na koya mata magana.

"Rimot ɗin. Na danna har yatsana ya yi zafi."

"Ba dai batir ba? Ranar da muka kai motar mutumin ya ce zai daɗe. Sake gwadawa. Yau fa ya kamata ta same ta a buɗe, yau za mu ga likita."

"Na ce miki ya ƙi." Ya goge fuska. "Ni fa abin nan ya fara damuna. Ba ki ga idonta ba rannan da na gaya mata. Kamar yarinya ta ɓata a kasuwa."

"Baba, kai kana sonta, ni ina son in yi barci. Idan ba ta tsorata ba, Mama ba za ta taɓa yarda da kowa a gidan nan ba, ka fi ni sani. Danna mata ƙararrawa kawai, ka ce ka same ta a buɗe kai ka rufe mata."

"In ta yi musu fa?"

"Ba za ta yi ba. Ta riga ta fara yarda."

Ya kashe wayar. Ya mayar da rimot ɗin aljihu, ya gyara zaman hula, ya karkaɗe gaban riga. Ina kallo ta gilashi ya taka zuwa ƙofar gidana, ya tsaya, ya haɗa murmushinsa, ya ɗan sunkuyar da kai tun kafin a buɗe, ya danna ƙararrawa a hankali.

Marigayi yana kabarinsa. Ƙwaƙwalwata lafiya lau take. Makulli na uku yana aljihun mutumin da ke nemana da aure, kuma shi da 'yar da na haifa suka kai motar aka yi shi.